Kwana Ukun da Kawu Bai Amsa Suna Ba

Ranar Talata da hantsi muka kai Kawu makwancinsa. Gidansa na unguwar Gassi bai ɗauki jama'a ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Mahauta sun zo kusan dukansu, wasu da warin kitse a rigunansu suka shiga sahu. Wani tsoho da suka yi shekaru suna rigima da Kawu a kan wurin kafa tebur a kasuwa, shi ya fi kowa kuka. Liman ya tashi ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri, mai sanyin hali. Da aka kai wa Hajiya matarsa wannan magana a cikin gida, an ce sai da ta yi dariya hawaye na zuba. Kawu ba shi da haƙuri ko kaɗan, kuma duk wanda ya taɓa sayen nama a hannunsa ya san haka.

Bayan la'asar wata babbar mota ta tsaya, Kanal ya fito. Tare muka yi jami'a da shi, tare Kawu ya horar da mu, yanzu ya yi ritaya da tumbinsa da masu buɗe masa ƙofa. Aka ba shi kujera, ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Sannan ya gyara zama ya ce da Larabci, yadda kowa zai ji, "Malamina ne, soja ne na gaske. Sai dai ranar da ƙasa ta neme shi ba a same shi ba. Amma wannan ya wuce."

Wasu suka gyaɗa kai suna cewa sahi, sahi, wato gaskiya ne. Jikokin Kawu suna zaune a wurin, na ga babban ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar da nawa, na yi shiru kamar yadda na saba yi kusan shekara talatin.

A takardar soja, kuma a bakin gari, Kawu mai gudun yaƙi ne. An kira suna kwana uku a jere bai amsa ba, aka cire masa galo, alamar muƙami ta kafaɗa, aka kore shi. Da wannan sunan ya tsufa, kuma da shi ake so a binne shi. A sanina a ranar, mutum biyu ne a raye suka san inda yake a kwana ukun nan, Kanal da ni. Kanal ba zai faɗa ba. To ni zan faɗa, ko da abin zai fi ƙona ni a kan kowa.

Mu mahauta ne kaka da kakanni. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kano da niyyar hajji a ƙasa, ya yada zango a nan bakin kogin Shari, zangon ya zama gida. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi kaɗai a zuriyarmu ya ƙi wuƙa ya shiga soja. Ya kai muƙamin ajidan, babba a kan sajoji, daga nan bai ƙara gaba ba, saboda bakinsa. A shekarun da nake jami'a an ɗora masa horar da ɗalibai. Duk hutu a kwashe mu a kai bariki, a ba mu kaki da takalman da ba su yi mana daidai ba, a ce nan gaba mu ne hafsoshin da za a kira idan buƙata ta taso. Mu kuwa kanmu ya kumbura, muna ganin da takardunmu mun riga mun fi mai koya mana.

Kawu ya gane haka tun ranar farko. 'Yan biro yake kiranmu. Ba ya kiran kowa da sunansa, kowa da unguwarsu ko sana'ar gidansu, ni ɗan fawa ne. Idan na kuskure sau ɗaya, horo biyu nake ci, wai kada a ce ya san ni. Ba ya maimaita umarni. Ba ya zama idan mutanensa suna tsaye, ko da ƙafarsa mai ciwo ta kumbura. Bayan kowace doguwar tafiya sai ya sa shugaban kowane rukuni ya durƙusa ya duba tafin ƙafar mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya fasa ƙurji, ya shafa magani. 'Ya'yan manya suka yi ta gunaguni, ya yi kunnen uwar shegu da su.

Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne zagayen gidaje. Mutum goma-goma ake raba mu, kuma kafin ya ba ka shugabancin goma sai ka je gidan kowannensu da ƙafarka. Ka gaida uwarsa, in ba ta gari ka gaida wadda ke ciyar da shi, gwaggo ce ko yaya. Ka zauna ka ci abin da aka ba ka. Idan ka dawo ya tsare ka da tambaya: wane launi ne ƙofar, me aka dafa, 'ya'yanta nawa, nawa suka rage. Ka kasa ɗaya ka koma. Kaftin ɗinmu, wanda ya yi karatu a Faransa, ya kira shi ya ce wannan ba ya cikin littafi. Kawu ya ƙame ya sara masa ya ce gaskiya ne, washegari kuma ya tura wasu.

Mun taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Gobe za ka ce wa mutum je ka, ya tafi bai dawo ba. Kai za ka kai takalmansa gida, ba ni ba. To ka san hanya tun yanzu, ka kuma san fuskar da za ka tarar."

Wannan al'ada ce ta haɗa shi faɗa da mahaifina. A cikin goman da aka ba ni akwai wani ɗan kudu, Kirista, mai karatun lissafi, Kawu yana ce masa ɗan Mursal, sunan unguwarsu. Uwarsa giyar bilbil take dafawa tana sayarwa. Da Baba ya ji inda zan je, ko rawaninsa bai tsaya naɗawa ba ya nufi gidan Kawu, ni ina biye.

Ya ce, "Ajidan, ɗana za ka tura ya ci tuwo a gidan giya? Mu da ko yankan wanda ba ya salla ba ma taɓawa?"

Kawu ya ce, "Yaya, ɗan matar nan zai kwanta a rami idan ɗanka ya ce ya kwanta. In naka ya fi ƙarfin zama a tabarmarta, ya ajiye kakin ya koma ya riƙe maka ƙafar saniya. Ba dole."

Baba ya yi ta faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Kawu ya ci gaba da shan shayinsa. Sun yi wata huɗu ba sa gaisawa, mahaifiyata tana tsakiya tana kuka da mijinta da ƙanenta. Ni dai na je, ba don na gamsu ba, don ina son shugabancin.

Ƙofar langa-langa ce shuɗiya, da dogon-yaro a gabanta, ganguna jere a tsakar gida suna tsami. Matar ta fito tana goge hannu a zani. Ashe ɗanta ya gaya mata ko ni waye. Ta sayi sabuwar tukunya daga matan Gawi masu ginin tukwane, ta je har kasuwa ta nemi teburin Bahaushe ta sayi nama, ta kuma hura wuta can nesa da gangunan. Ta ajiye min kwano ta ce da Larabci, "Ci, wiledi, ci ɗana. Tukunyar nan ba ta taɓa ganin komai ba sai ruwa." Na ci ina jin kunya. Da zan tafi ta rako ni bakin ƙofa ta ce maza uku ta haifa, wannan ne ya rage, in duba mata shi. Na ce to. Da sauƙi na faɗa, kamar yadda ake amsa gaisuwa.

Ba a yi shekara ba gari ya rabe. Soja ya tsage gida-gida, kowane babba da rundunarsa, maƙwabci ya fara tambayar maƙwabci daga ina iyayensa suka zo. Aka rufe jami'a. Kullum harbi, kullum mutane da ƙunshi a ka suna neman kwale-kwalen da zai haye da su kogi zuwa Kusuri. Kowane ɓangare yana da masu bindiga sun ishe shi, abin da ba shi da shi shi ne yaran da suka iya karanta taswira, suka iya jera mutane. Sai aka tuna da 'yan biro.

Kanal a lokacin ɗan ajinmu ne kawai, amma ya riga kowa shiga, har ya samu galo biyu. Wata rana da azahar na kai nama gidan Kawu, sai ga mota ta tsaya, ya shigo da mutum huɗu a bayansa. Ya sara wa Kawu, wannan kam ya yi.

Ya ce, "Mon ajidan, takardar bariki tana da sunayen ɗalibai, ba ta da gidajensu. Gidajen suna kanka."

Kawu ya ce, "Me za ku yi da su?"

"Namu za mu ɗauka mu ba su galo. Nasu kuma ba za mu bari su je su karɓi galo a can ba."

"Naka goman fa?"

"Na gama da nawa."

Uku daga cikin goman nan 'yan kudu ne, kuma ban sake ganin ko ɗaya ba har yau. Kawu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya manta. Ɗan ajinmu ya yi dariya ya ce, mutumin da ya san launin ƙofar kowa? Kawu ya ce tsufa ne. Aka ba shi zuwa kiran suna na safe ya zo da jerin gidajen a rubuce.

Da suka fita Kawu ya zauna, shi da ba ya zama. Shayinsa ya huce a gabansa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar, kuma ba don kansa ba ne. Ya ce, "Ni na yi wannan. Na kwashi yara na nuna musu ƙofar juna." Ya shiga ɗaki ya cire kaki, ya sa wata tsohuwar jallabiya da silifa, ya ce wa Hajiya duk wanda ya tambaya ba ta sani ba. Ni ko kallona bai yi ba, ya fita.

Washegari aka kira suna bai amsa ba. Haka jibi. Dangi suka fara ƙus-ƙus, wasu suka ce an gan shi a bakin kogi, ya haye. Baba ya ce ai dama, mai yawan baki ba ya tsayawa. Ni ma a raina na yarda ya gudu, har na ji haushinsa.

A rana ta uku motar ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ɗan ajinmu ya ce kawuna ya ci amana, amma ni ina da gida goma a kaina, in zo in wanke sunan gidanmu, a kuma ba ni galo kafin magariba. Zan so in rubuta cewa bindiga aka ɗora min a ka. Ba a ɗora ba. Akwai tsoro, amma akwai kwaɗayi kuma, don na kalli kafaɗarsa fiye da sau ɗaya. Na shiga motar. A lokacin ɓangarensu ya mamaye hanyar Mursal, babu mai tare mu. Na riƙa nuni da hannu, dama, hagu, bi wannan lungun, ina gaya wa kaina ai tambayoyi kawai za su yi wa ɗan Mursal.

Ƙofar shuɗiya tana hangame. An kife ganguna, murhu ya mutu, babu kowa. A gindin dogon-yaro wani mutum yana zaune ya miƙe ƙafafu, jallabiyarsa ta koma kalar ƙasa, silifa ɗaya ya tsinke, yatsunsa duk jini. Sai da muka sauka na gane shi.

Kawu bai kalli masu bindiga ba, ni ya kalla. Ya yi magana da Hausa, harshen da babu mai ji a wurin sai ni. Ya ce, "Ɗan fawa, ka riƙe hanya. Ko lungu ɗaya ba ka ɓata ba."

Da ya zage ni da ya fi min. Ɗan ajinmu ya tambaye shi ina mutanen gidan, ya ce sun haye tun da safe. Ya tambaye shi sauran fa, ya ce duk inda za ku je na riga ku. Da gindin bindiga aka amsa masa, haƙoransa biyu na gaba a wurin suka zube, ina tsaye ina kallo. Aka ɗaure shi aka jefa bayan motar. Abu ɗaya zan ba Kanal, kuma ba zan ƙara masa ba: bai harbe shi ba. Galon da aka yi min alkawari ba a sake maganarsa ba, suka sauke ni a hanya na koma gida da ƙafa.

Daga baya, guntu-guntu, na ji abin da ya yi a kwana ukun. Gida-gida ya bi da ƙafa, da rana tsaka, ana harbi, daga unguwar Farsha har Shagwa. Bai zaɓa ba. Uwar ɗan kudu ya ce mata ɗauki ɗanki ku haye yau, kada ku kwana. Uwar ɗan arewa ya ce mata ɓoye shi, galo za su ba shi da safe su kawo miki takalmansa da yamma. Wasu sun ji, wasu sun kore shi suna zaginsa, wasu gidajen kuma ya tarar an riga shi. Nawa ya tserar, ban sani ba, shi ma bai taɓa ƙirgawa a gabana ba. Ɗan Mursal ya rayu, an ce malamin makaranta ne a kudu. Ban neme shi ba, don ban san da wace fuska zan gaishe shi ba.

Wata biyar Kawu ya yi a tsare. Ya fito babu galo, babu aiki, da takarda mai cewa ya gudu. Yana da shekara arba'in da wani abu ya ɗauki wuƙar da ya ƙi tun yana saurayi, Baba ne ma ya koya masa, suna yi suna faɗa. Bai taɓa zama gwanin mahauci ba. Yanka yake yi a miƙe kamar mai jera sahu, kuma ya kori masu saye da yawa da bakinsa. Akwai masu tsokanarsa a kasuwa, su ce ajidan, yau ina za a gudu? Ya ɗaga kai ya ce kilo nawa. Ina jin wannan, jinina yana tafasa, amma bakina a rufe, domin in na ce ga inda yake, sai a ce kai ta yaya ka sani.

Bai taɓa tona ni ba. Mahaifiyata ta rasu tana ganin ɗanta mutumin kirki ne, ƙanenta kuma abin a yi haƙuri da shi. Shi ya karɓa min aure. Shi ya yi wa babban ɗana huɗuba. Duk sallah ina zuwa gaishe shi, ya tambaye ni makaranta, don koyarwa na koma, ya ce ko na san gidajen ɗalibaina. Sau ɗaya tak na yi ƙoƙarin taɓa maganar. Na ce, "Kawu, ai zagayen nan naka shi ya ceci yaran." Ya haɗe rai ya ce, "Shi ya kai mota ƙofarsu." Ya ci gaba da wasa wuƙa, can ya ce, "Amma a sake ba ni yara gobe, sai na sake tura su. Ba zan ba da mutum goma ga wanda bai ci tuwon uwarsu ba, ko me zai biyo baya." Daga nan ya ce in matsa, na tare masa haske.

Bana da harbi ya sake shigowa gari Kawu yana kwance, ciwon ƙafar nan ya ci ƙarfinsa. Aka ce a ɗauke shi a haye da shi, ya ce babu inda za shi, an riga an rubuta masa gudu ɗaya, ya isa. Gari ya lafa, shi kuma bai tashi ba.

Ranar sadakar bakwai Kanal ya dawo, aka sake ba shi kujera. Bayan an shafa fatiha, kafin a fara watsewa, na miƙe. Da Larabci na yi magana don kada wani ya ce bai ji ba. Surukaina suna wurin, 'ya'yana maza uku suna wurin, da tsofaffin ɗalibaina. Na faɗi duk abin da na rubuta a nan, ban rage ba. Har mai raba shinkafa ya tsaya da cokali a hannu.

Kanal ya ce, "Lokacin yaƙi ne, malam. Kai ma ai kana cikin motar."

Na ce, "Ina ciki. A gaba ma, kusa da direba. Shi ya sa na san wanda ya gudu da wanda bai gudu ba."

Ya tashi ya kaɗe riga ya tafi, mutum biyar ko shida suka bi shi. Wani dattijo ya ce min ba a tonon silili a gidan makoki. Na ce masa a gidan makokin aka fara, ranar Talata, kuma ban ji ya hana ba. Babban ɗana ya ƙi haɗa ido da ni, har yau da nake rubutun nan gaisuwarsa a taƙaice take. Babban jikan Kawu kuwa ya zo ya tambaye ni ko zan iya nuna masa dogon-yaron nan, na ce in yana nan zan nuna masa.

Sai aka ce Hajiya tana kira. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin takaba, ina jiran abin da ya dace da ni. Ta ce, "Na sani tun ranar da aka sako shi. Na ce masa bari in gaya wa yayarka abin da ɗanta ya yi, ya ce in na buɗe baki in tattara in koma gidanmu. Ya ce yaron nan shi ya horar da shi, zai faɗa da kansa."

Ta ja carbinta, ta kalle ni, ba da fushi ba.

Ta ce, "Amma ka daɗe, ɗan nan. Da ka yi sauri da sati biyu, da ya ji."

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa zafin ransa da kaifin bakinsa, waɗannan kam akwai su. Kwana ukun nan kuwa kada wani ya wahalar da kansa nema masa gafara a kansu, ba ya buƙata. Wanda yake da sauran addu'a ya yi wa wanda ya nuna hanya.